Jinkar Ɗakin Gabas

Talata, 20 ga Jimada Lawwal 1362, bayan la'asar

Da sunan Allah. Takardun nan ragowar na mahaifina ne, na adana su don rubuta wa matan da nake koya wa karatu addu'o'i, ga shi yau zan ɓata su da zancen gona. Allah ya yafe wa Kulu. In ban juye abin da ke cikina a nan ba, a kan mutum zan juye shi, kuma na san wanda zai fara sha.

Mai garinmu ya tara magidanta a gindin tsamiya, ni ina bayan darni ina ji. Ya ce Nasara na can suna yaƙinsu, yaƙin kuma hatsi yake ci, saboda haka ba a yarda wata gona ta kwanta bana ba. Da an ga watan Rajab zai hau doki ya zagaya. Duk gonar da ya tarar babu shuka tsaye, za a ba wanda zai iya da ita. Bai ambaci kowa ba. Amma daga tungar nan har Magarya gonar tudu ɗaya ce ba ta da mai saɓa mata sungumi, ita ce tamu.

Taro bai gama watsewa ba sai ga Mu'azu, ƙanen mijina marigayi, wanda gonarsa ke manne da tamu ta yamma. Ya yi sallama mai tsawo kamar mai neman aure.

Ya ce, "Yaya Kulu, kin ji abin da anka ce. Gida babu namiji, wa ka riƙa maki sungumi? Ki bam min gonag ga in ruhe maku asiri. Ke ki komo gidana, Fatsuma ta ɗauki ɗiyatta ta tahi Goronyo wurin iyayenta."

Na ce, "Gidan ga da namiji. Tahiya yay yi."

Wanda ya yi tafiyar shi ne mai ɗakin gabas, mijin Fatsuma, uban Ma'u. Shi na fara haifa, don haka bakina bai taɓa kama sunansa ba, alƙalamina ma ba zai kama ba. An tafi da su bayan kaka, ɗiban gwamna na aikin dole, can ƙasar duwatsu inda ake haƙar kuza. An ce kafin bazara sun dawo. Ga bazara nan tana gasa mu.

In gonar ta tafi, gidan nan ya watse. Ma'u ta girma a Goronyo ba ta san ni ba, ni kuma in ƙare a kusurwar gidan Mu'azu ina jiran a tuna da ƙwaryata. To, ba da raina ba.

Ɗakin gabas yana rufe. Na sa an yi masa sabuwar jinka da rani, daga waje, ba a buɗe ƙofa ba.

Alhamis, 22 ga wata, da hantsi

Mun yi binne. Ruwa bai sauka ba, amma ba zan zauna ina kallon sama ba, iri ya jira ruwa a cikin ƙasa. Ni na saɓa sungumin, Fatsuma tana biye tana jefa iri tana rufewa da diddige, Ma'u a bayanta tana ba mu umarni da yaren da ita kaɗai ta sani. Masu wucewa suna tsayawa suna kallo. Su kalla. Sungumi bai tambaye ni ko ni mace ce ba, kafaɗata kawai ya ci.

Gonar fes take kamar tsakar gidan amarya, kuma ina alfahari da haka. Da rani na ba Gajere Bafillace izini ya sauke shanunsa a ciki, suka cinye kara kaf, suka bar mana taki ko'ina. Na tuna ya yi mini wata magana a lokacin, wai mai gonar ba ya bari a ci karan da ke gefen gabas, ba ya kuma yanke gambar da ke bakin iyaka sai ruwa ya zauna. Na ce masa ya ji da shanunsa. Gambar ai ita na sa aka yanke aka yi jinkar da ita, abin da ya rage na gindinta shanu suka kalmashe.

Juma'a, bayan magariba

Ruwa! Alhamdu lillahi. Wa ya ce?

Talata, 27 ga wata, da safe

Gero ya tsiro, layi-layi, kore shar. Na bi ta ƙofar gidan Mu'azu da zan koma, ko da yake ba hanyata ba ce, na gaishe shi da kyau.

Laraba, bayan magariba

Dole in rubuta wannan.

Da la'asar hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, a gabansa kuma ga wani jan bango tun daga ƙasa har sama. Holoƙo. Masu hankali suka ruga gida. Ni na tsaya, don ban ga mai korata daga gonata ba, ko mutum ko iska.

Da ina tsammanin iska kwasar ƙasa take yi gaba ɗaya ta watsar. Ashe rabawa take yi, kamar mai tankaɗe. Mai laushin, wanda shi ne maiƙon gona, shi take ɗagawa sama ya wuce Sakkwato ko inda Allah ya nufa, ba ya dawowa. 'Yan tsakuwoyi kuwa mirgina su take yi a ƙasa a hankali. Na tsakiya shi ne mugun. Rairayi ba ya tashi sama, tsalle yake yi, ɗan gajere, ya faɗo ya bugi ɗan'uwansa, shi ma ya zabura, su je su tada wasu, kafin ka ce me duk fuskar gona tana gudu. Fuskata ƙura kawai ta sha. Ƙwaurina kuwa, daga idon sawu zuwa gwiwa, kamar ana watsa mini garwashi. Abin da ya yi wa fatar tsohuwa haka, me zai yi wa tsiron da bai kai tsawon yatsa ba?

Ruwan da ya biyo baya bai isa ya wanke ƙwarya ba.

Alhamis, bayan asuba

Na je na gani. Ganyen ya yage ya yi fari, kamar an goge shi da dutse. A gabas saiwa a waje, a yamma an binne shi. Babu.

Mu'azu yana tsaye a iyaka yana tura wani abu da yatsan ƙafa. Busasshen takin shanun Gajere ne, wanda na ba da karana duka saboda shi, ya taru a gindin karan gonarsa kamar an share an kai masa.

"Yaya Kulu, na gode da taki! Ba sai mai gari ya wahal da dokinai ba, gonag ga tana tahowa wurina da ƙahwatta."

Na ce, "In ta iso ka ba ta ruwa ta sha. Baƙuwa ta, komowa za ta yi."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Sai da na shiga gida na bar yi.

Asabar, 1 ga Jimada Lahir

Wata ɗaya ya rage. Ɗakin gabas yana rufe.

Litinin, 3 ga wata, bayan azahar

An yi ruwa mai kyau jiya, mun sake shuka. Na kakkaɓe rumbu har ƙasa, abin da na ware don iri da wanda ban ware ba. Fura za ta yi ruwa-ruwa a gidan nan, kowa ya yi haƙuri. Fatsuma ta bi bayana tana jefa iri. Yarinyar nan ba ta cika magana ba, amma diddigenta bai tsallake rami ko ɗaya ba. Ban taɓa faɗa mata ina jin daɗinta ba, kuma ba yau zan fara ba.

Juma'a, 7 ga wata, bayan la'asar

Wani ya yi sallama, wai daga Rabah, wai Bube, wai tare aka ɗebe su da mai ɗakin gabas. Na leƙa ta ramin darni. Ramamme ne, yana tari, da ƙunshi a hamata. Fatsuma tana rijiya.

Na ce daga ciki, masu gida suna gona. Ya ce zai jira. Na ce gonar da nisa. Ya zauna a gindin darni har inuwa ta juya ta bar shi, sannan ya tashi.

Ban san shi ba. Ba ni da abin yi da mutanen Rabah.

Asabar, da hantsi

Bakin rijiya ba ya riƙe magana. Fatsuma ta dawo da tulu rabi, ta ajiye, ta dube ni. Na ce tuwo ba zai tuƙa kansa ba. Da rana na ga ba ta sa kwalli ba, na miƙa mata tandu na ce ta sa. Ta sa.

Lahadi, 9 ga wata, bayan la'asar

Ya sake tsirowa. Wannan karon ban bi ta ƙofar kowa ba.

Iska ta taso da rana, ba ta hadari ba, 'yar madaidaiciya. Na kwanta rub da ciki a tsakiyar gona, kumatuna a ƙasa, don in ga abokin gabana ido da ido. Masu zuwa itace sun kai labari wai Malama Kulu ta taɓu. Wataƙila.

Daga ƙasa abin ya fi fitowa. Suna tafe tsalle-tsalle kamar ƙananan fara, suna ƙyalli a rana, kusan duka ba su wuce tsawon taƙi ba, ɗaiɗaiku ne ke kai gwiwa. Na cire takalmina ɗaya na ajiye a gabana. Ban jima ba na ga rairayi ya taru a jikinsa, a bayansa kuma ya ja wutsiya kamar ta ƙadangare. Na kafa guntun kara, shi ma haka. Duk inda wani abu ya tsaya masa a hanya, sai gwiwarsa ta yi sanyi ya kwanta. Ashe matsoraci ne, sai a fili fetal yake jarumta. Ni kuwa na share masa fili na shimfiɗa masa.

Nan maganar Gajere ta dawo mini. Kara a gabas, gamba a bakin iyaka. Mai ɗakin gabas, bahagon nan, ya san abin da yake yi, bai dai taɓa faɗa mini ba, don ni da shi ba ma doguwar magana.

Ba zan rubuta cewa na yi kuskure ba. Ɗaki yana yoyo, mai shi yana hanya, damina ta gabato. Me ake so in yi?

Litinin, da yamma

Na zagaya tunga neman kara. A wannan lokaci! Wanda ba a ƙona a murhu ba dabbobi sun ci. Mu'azu yana da tsibi a bayan gida, ya ce na jakinsa ne. Allah ya ba jakin lafiya. Na sassaro rassan sabara na jera a gabas, ba su kai ko'ina ba.

Laraba, 12 ga wata, bayan magariba

Holoƙo ya dawo, ya fi na farko, kuma ko ɗigon ruwa bai biyo shi ba. Rassan sabarata suna gonar wani yanzu. Mun shiga muna tono tsiron da yatsu ni da Fatsuma, muna hure masa ƙasa kamar masu cire wa jariri abu a ido. Rairayin da zafi, duk wanda muka tono ya riga ya dahu.

Na zagi iska da babbar murya. Na san hukuncin wannan, ni nake koyar da shi. Na yi istigfari, amma ban janye ba tukuna.

Alhamis, da safe

Iri ya ƙare. Babu mai bayarwa, kowa yana tsoron tasa gonar.

Fatsuma tana damu, kanta a ƙasa, ta ce, "Inna, akwai iri."

Na ce, "Ina?"

"Kin san inda shike."

Na sani. Kowace kaka mai ɗakin gabas yakan zaɓi zangarnun da suka fi cika, ya ɗaure, ya rataye a ƙololuwar ɗakinsa daga ciki, inda ɓera ba ya kai.

Na ce, "Ba a taɓa kayan mutum ba shi nan."

Ta ci gaba da damunta. Ɗakin gabas yana rufe.

Juma'a, 14 ga wata, bayan azahar

Mutumin Rabah ya dawo. Wannan karon Fatsuma tana gida. Ta ja mayafi ta fita, ba ta nemi izinina ba. Na ɗauko allo na shiga karatu da ƙarfi, da ƙarfi sosai, har Ma'u ta tsorata. Duk da haka na ji. Sau ɗaya ta yi kuka, gajere, kamar wadda ta taka ƙaya.

Ta shigo da ƙunshin. Bargo ne, da laya mai jar fata. Ni na rubuta abin da ke cikin layar, na ba Fatsuma ta ba shi ran da za su tafi, na ce kada ta ce daga ni ne.

Na ce ta kai inda ba zan gani ba.

Asabar

Ban fita ba.

Lahadi

Iska. Ta yi ta yi.

Litinin, 17 ga wata, bayan la'asar

Mu'azu ya shigo da safe, hula a hannu. Yau babu wasa a bakinsa. Ya ambaci sunan, ya yi addu'ar da ake yi wa mamaci. Ya jira in ce amin. Na dubi kaji.

Da ya gaji ya ce, "Yaya Kulu, don Allah ki bari hakanan. Kwana nawa ya rage? Ba ki da iri, ba ki da ƙarhi. In nis shuka wake yanzu, ko banza Ma'u ta samu na bakinta." Na yarda ba duka mugunta ba ce. Amma na ga yadda idonsa ke auna rumbunmu yana magana.

Na bar shi zaune na tafi gona, don ban san inda zan sa kaina ba. Ba gona ba ce, hamada ce, rairayi ya yi tudu-tudu kamar ƙasan gulbi da rani. Ina tafe ina shuri sai na ga kore. Wani yagaggen zana ne iska ta sato daga gidan wani, ya maƙale a kututture. Gabansa rairayi ya taru. A bayansa gero ne tsaye, bai fi a rufe shi da faifai biyu ba, lafiya lau, yana kaɗa kai kamar ba a yi komai ba a duniya.

Na daɗe a wurin. Daga inda nake tsaye ana hango tunga, kuma abin da ya fi komai haske a cikinta shi ne sabuwar jinkar nan. Gambar gonar ce. Na tuɓe wa gona zanenta na yafa wa ɗakin da babu kowa a ciki.

Na dawo na buɗe.

Ƙamshinsa yana nan. Malafarsa a rataye, hauyarsa mai ƙotar da ta goge ta gefen hagu. Na taka turmi na sauko da damin irin. Ƙullin a juye yake, irin na bahago, wanda na sha yi masa faɗa a kai yana yaro. Ban iya kwance shi ba. Ba don ya yi tauri ba.

Talata, da magariba

Tun da hantsi na aika wa tsofaffin da nake koya wa karatu cewa yau darasi a gona yake. Asabe ta zo, Hassana ta zo da sandarta, wasu suka biyo. Gajere yana shirin tashi da shanunsa, ya bari ya zo. Mutumin Rabah ashe bai koma ba, a masallaci yake kwana. Na gan shi tsaye nesa, na ce, "Kai ɗan Rabah, kama nan."

Muka kwance jinkar daga bango muka ɗaga ta ɗungum. Tunga ta fito kallo. Ɗaki yana tafiya a kan tsofaffin mata, ƙafafu kawai ake gani a ƙasa, Asabe tana ba da waƙa daga ciki tana haki. Mu'azu ya biyo mu yana cewa, "Subhanallahi! Yaya Kulu, mi kika yi haka? Damana ta, ɗaki ka rushewa!" Na ce masa daga ƙarƙashin jinka, "Shi rushe."

A gona muka warware ta. Ciyawar jinka yantacciya ce, an saƙe gindinta da igiya tsiri-tsiri dogaye, sai ka ce don wannan aiki aka yi ta. Muka kafa sandunan jinkar, muka ɗaura tsirin a tsaye, layi bayan layi, daga kudu zuwa arewa, suna tare gabas. Gajere ya ce a ɗaga su sama. Na ce gwiwa ta isa, na auna abin da ƙwaurina. Tsohon bunun da ke ƙarƙashi muka barbaza a tsakanin layukan muka danne da ƙasa. Da bai isa ba na koma na cire darnin gidan ma. Yanzu duk mai wucewa yana ganin tukunyarmu. Ya gani, babu abin kunya a ciki sai rashin nama.

Bai rufe gonar duka ba, ya kama gefen gabas zuwa wajen tsakiya. Irin ma iyakarsa ke nan.

A hanyar dawowa Bube ya jero da ni, ya fara magana. Na bar shi ya yi. Abu ɗaya na tambaya. Ya ce an yi, da ruwa, da liman, kuma an daidaita alƙibla, shi da kansa ya shiga ramin. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Da muka shiga gida na zaunar da Fatsuma, na cire mata 'yan kunne da hannuna, na kwance mata kitso. Ni na koya wa matan tungar nan hukuncin takaba, ni kuma na hana ta a gidana kwana da kwanaki. Ta kifa kai a cinyata. Na bar ta.

Alhamis, 20 ga wata, da hantsi

An kwana ana ruwa. Ya zuba a cikin ɗakin gabas yadda ya ga dama. Mun shuka. Irin nan manya ne, masu nauyi a hannu, ban taɓa lura ba. Kowane rami na ce bismillahi, ban ƙara komai ba.

Litinin, 24 ga wata

Ya fito. Ban yi murna ba, na san halin maƙwabciyata ta gabas.

Alhamis, 27 ga wata, bayan magariba

Ta zo. Na ga jan bangon tun daga bakin rijiya, na ajiye guga na nufi gona. Fatsuma ta kira ni, ban waiga ba.

Na zauna a tsakiyar shukar na miƙe ƙafafu, na ce to bismillah, ga ni ga ki. Duhu ya rufe, ƙura ta cika mini baki da hanci, mayafina ya tafi Sakkwato. Wannan duk na saba. Ƙwaurina nake saurare.

Shiru. Ko cizo ɗaya.

Ina jin rairayin yana dukan ciyawar, shaaa, kamar ana zuba gero a ƙwarya, yana zubewa a gindinta. Layin farko ya sha kashi, wani wuri ya kwanta, wani ya nutse har wuya. Na biyu ya tare abin da ya tsallako. Kafin na uku ƙarfinsa ya ƙare. Na sa tafin hannu a kan wani tsiro ina jin yana rawa, amma yana nan.

Na tashi tsaye na yi ta yi wa iska gori, abin da na faɗa ba na takarda ba ne. Sannan ruwa ya sauko, na gaske, ya wanke ni tas. A cikin ruwa babu mai gane abin da ke zuba a fuskar mutum, don haka na yi abin da ban yi ba tun ran Juma'ar nan.

Juma'a, da safe

Mun tada layin da ya faɗi. A gindin kowane layi ƙasa ta taru mai laushi, har da ɓarɓashin taki, ban san na gonar wa ba ne. Ban tambaya ba.

Litinin, 2 ga Rajab, bayan azahar

Mai gari ya zo da hantsi bisa dokinsa, mutane a bayansa, Mu'azu a cikinsu. Ni da Fatsuma muna tsaye a bakin gona, ita cikin mayafinta ba ado, Ma'u riƙe da zanena.

Ya sauka. Ya bi layi ɗaya har ƙarshe yana tsallake ciyawar jinka, ya tsuguna ya ja wani tsiro a hankali, tsiron ya ƙi. Ya tambayi rabin da babu komai. Na ce wake zai shiga jibi, Asabe ta ba ni iri. Ya kaɗe hannu ya ce, "Shuka tana tsaye. Gona ta zauna inda take."

Na ɗauka an gama. Sai ya ce, "Amma Malama, in anka tambaye ni can sama, sai in hwaɗi mai ita. Gonaw wa ta?"

Ya dube ni, ya dubi Fatsuma, sai ya gane abin da ya yi. Mata biyu a gabansa, ɗaya ta haife shi na fari, ɗaya matarsa, babu wadda aka taɓa jin sunan nan a bakinta. Ya yi gyaran murya ya juya wajen Mu'azu don ya fitar da mu. Mu'azu ya buɗe baki.

Ban ba shi ba. Ya so gonar bai samu ba, ba zai samu wannan ma ba.

Na ce, "Gonam Mode ta."

Muryata ta fita fiye da yadda na nufa, har dokin ya ɗaga kai. Na ce, "Mode ɗana. Irinai na, gambatai ta, ɗakinai na kuka gani kwance cikinta. Ga ɗiyatai nan, ita ka cin ta."

Asabe ta rufe baki da hannu. Mu'azu ya cire hula ya dubi ƙasa, da ya yi magana muryarsa ba tasa ba ce. Ya ce, "Allah shi jiƙan shi."

Na ce amin.

Yanzu ina zaune a bakin ɗakin gabas, ƙofa a buɗe, babu jinka, rana har tsakar ɗaki. Bango ya fara zaizayewa ta arewa. Ma'u tana ciki ta kifa malafar a kanta har kafaɗa, tana tafe tana karo da bango. Na ce ta zo in faɗa mata sunan mai malafar, ta ce ai ta sani, Baba. Na ce yana da wani.

Ashe suna ne mai sauƙi a baki. Shekara da shekaru yana nan kusa da harshena.

Mode. Mode. Mode.

Gero yana son noma, hauyar kuma ta bahago ce. Hannuna zai saba.